Ka Bar Kaya Ka Zo

Talladje, Yamai. Ranar Lahadi.

Daga Alhaji Yakuba na Madawa zuwa ga ɗan ƙanwata Zubairu, direban motata, a garin Kaya ta ƙasar Burkina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mota. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta saba, da kunnena na hagu da ya mutu ya bar na dama maraya. Uwarka Hadiza ta zo daga Madawa a duba mata ƙirji. Tari ne kawai. Tana ɗakin ɗiyata Fa'iza, ta ce a gaishe ka.

Maƙwabcina Mushe Abdou, tsohon malamin makaranta, shi ke rubuta mani, ka san hannunsa. Na ce ya rubuta duk abin da ya fito bakina, kada ya gyara, don Bazabarme in ka ba shi Hausa ya gyara sai ya maido maka da ita da ƙafa uku. Ga shi nan yana dariya yana rubutawa. Fa'iza za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka ta waya. Kada ka aiko mani da muryar nan ta cikin waya, ba na jin komai sai kukan sauro a tulu. Kuma magana iska ce, takarda ita ce shaida. Ka yi lakwal, ka san boko, ka rubuta.

To, mi ya zaunar da kai? Tun kafin azumi ka loda shinkafa a Lome. An yi azumi, an yi salla, ɗinkin salla har ya fara koɗewa, kai kana nan. Ashe ba banza aka sa wa garin nan suna Kaya ba, duk kayan da ya shiga sai ya tarar da dangi ya zauna.

Ni da nake jan mota, in na sha koko a Kwatano ran Litinin, Laraba a Gaya nake la'asar. Gemuna a wannan hanya ya yi fari. Sai 'yan Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen yankinmu, suka tashi rana ɗaya suka rufe mana gadar Malanbil ta hanyar Kwatano, aka kashe mana wuta, magani ya yanke. Albasata ta ruɓe a bakin gada har ƙuda ya ƙoshi ya bar ta. Maigidana na Kwatano, wanda nake sauka gidansa tun ina saurayi, wanda na je sunan ɗansa da rago, ko sannu bai aiko mani ba. Shi ya sa ranar da aka ce mun fita daga ƙungiyarsu na raba goro a masallaci, kuma ban yi nadama ba. Wanda ya rufe maka ƙofa ana ruwa, ba ka koma masa shan inuwa.

Amma an fita, sai kowa ya zama malamin hanya. Fa'iza, tunda ta samu kujera a wani biro, wato ofis, a unguwar Plato, kullum da sabuwar fatawa. Wai in sayar da mota in riƙa sayen shinkafar bakin kogi a Kollo. Wai in juya arewa ta Agadas, a ɗauko taliya da dabino daga Aljeriya. Wai ga Kwanni nan, in shiga Najeriya. Wasu ma a kwalekwale suke tsallako da buhu a Gaya kamar ɓarayin akuya. Na ce mata ni kayan da bai shaƙi iskar teku ba ban san cinikinsa ba. An hana mu Kwatano, ga Lome. Allah bai yi teku don mutum ɗaya ba.

Ka tashi haka nan. Direba ba ya yin saiwa.

Kawunka, Yakuba.

Kaya. Ranar Talata.

Zuwa ga Kawu Alhaji.

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na gode. Ina lafiya, mota ma lafiya, kullum da safe ina tayar da inji kada batir ya mutu. A gaishe da Inna da kyau, a ce ta rage shan ruwan sanyi. A gaida Fa'iza da Mushe Abdou.

Kawu, ba son zama nake ba. Filin da muke kamiyo, manyan motocin kaya, ya cika shi har ido ba ya kai ƙarshe, na Yamai, na Maradi, na Tawa, kowa a ƙarƙashin motarsa yake kwana. Daga nan zuwa Dori ba a bi sai da rakiyar soja, a jere, shi ake kira konbuwa. Ba su faɗin ranar tashi, don daji yana da kunne. Za ka wayi gari ne kawai a ce a tayar. Da an fita gari babu rezo, kira ba ya shiga, an karya turakun waya. Waɗanda suka zo daga can sun ce ƙarafan motocin da aka ƙone suna nan gefen kwalta.

A zamaninku abin tsoro a hanya rami ne da jandarma. Yanzu ba haka ba ne.

Kada ka ji haushina, amma maganar Fa'iza ba duka ce ta banza ba. Wani abokina ya bar nan ya koma ɗaukar shinkafar Tilaberi, a gidansa yake kwana. Tunda aka fita daga ƙungiyar nan, sai mu koyi cin abin da ke kusa da mu, ko kaɗan ne. Na faɗa ne kawai.

Kai ka ɗauko ni daga Madawa bayan rasuwar babana, kai ka ɗora hannuna a kan sitiyari. Ban taɓa tsallake maganarka ba. In ka ce in tashi ba soja, zan tashi. Sai dai ka faɗa mani a fili.

Ɗanka, Zubairu.

Talladje. Ranar Asabar.

Zubairu, ina gaisuwa. Abdou ya karanta mani takardarka a kunnen dama, na ji. Mu a zamaninmu Ayatul Kursiyyu ce rakiyarmu, kuma ba ta jiran ranar tashi. Shinkafa ta hau a kasuwar Katako, waɗanda kayansu ya iso wancan karo har sun shanye romon. Amma ba wannan ya sa na kira Abdou yau ba.

Jikin uwarka ya tsananta. An kwantar da ita a likita tun shekaranjiya. Sun ce ruwa ne ya taru a ƙirjinta, zuciyar ta gaji. Ba ta iya kwanciya sai a zaune. Fa'iza ta bar biro tana wurinta. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta ce, "Zubairu ne?"

Ni ban iya kallon wannan ba. Mu biyu muka rage cikin ɗakinmu, kuma ni ne babba, ni ya kamata in riga ta.

Ka ce in faɗa maka a fili. To ga shi. Ka bar Kaya ka zo.

Kawunka.

Kaya. Asubar Lahadi.

Kawu, na gani. Allah ya ba Inna lafiya.

Akwai direbobi biyu da suka gaji da jira, mun shirya mu uku. Wani ya ce in aka fita da sassafe ana iya kai Dori kafin azahar. Yanzu muka yi salla, inji na tashe. Ba za ku same ni a waya ba sai na kai. A ce wa Inna ina hanya, da mota da kaya duka, kamar yadda ka ce. Ku sa mu a addu'a.

Zubairu.

Talladje. Ranar Lahadi da yamma.

Zubairu! Ka tsaya! In takardar nan ta same ka, duk inda kake ka juya!

Wa ya ce ka fito da mota? Cewa na yi ka bar kaya, kaya, shinkafa, buhu, abin da ke bayanka! Ka bar su nan a hannun wani, ka koma Wagadugu ka hau jirgi ko bas, ka zo ka ga uwarka. Wane mahaukaci ne zai tura ɗan ƙanwarsa cikin dajin nan?

Fa'iza ba ta ga saƙonka ba sai da rana, tana fama da mara lafiya. Ta zo gida ba mayafi, tana kuka, ta ɗauko takardar jiya ta nuna mani da yatsa. Wai ga shi, harafin farko babba ne. Wai in aka yi shi babba gari ne, in aka yi shi ƙarami kaya ne. Ni Yakuba, ina na san harafi yana da babba da yaro? Ni da baki na faɗa. A baki duk ɗaya ne.

Laifin Abdou ne. Ee, kai, rubuta, laifinka ne. Ka tsufa kana koyar da 'ya'yan mutane Faransanci, Hausar maƙwabcinka ta gagare ka. Wa ya aike ka ka kumbura harafi? Tawada ce ta yi maka yawa? Kada ka ce mani kala suru, riƙe haƙurinka na Zabarmawa, ba ni da wurin ajiye shi. Kuma laifin waɗanda suka rufe gada ne. Da Malanbil a buɗe take, mi zai kai motata wani gari mai suna irin wannan? Kwatano ba ta da ma'ana biyu. Malanbil ba ta da ma'ana biyu.

Fa'iza ta kira lambarka har wayar ta yi zafi. Wata mata ce ke amsawa da Faransanci, wai ba a samunka.

Abdou ya ce wannan ne layin ƙarshe da zai rubuta mani a duniya. To ya rubuta: Allah ya tsare ka.

Talladje. Ranar Juma'a.

Zubairu, ina gaisuwa, in gaisuwa tana isa inda kake. Wannan hannun Fa'iza ne. Abdou ya ɗauke bencinsa daga ƙofar gidana, a masallaci ma sahu ya canza.

Har yau shiru. Na je tasha wurin 'yan ƙungiyar direbobi, na zauna tun hantsi. Wani ya ce an ga hayaƙi a hanyar Dori, wani ya ce ƙarya ne, tsohon hayaƙi ne. Wani yaron banza ya ce, "Alhaji, ai ba a fitowa ba soja, wane ubangida ne ya matsa masa?" An ce konbuwar ma ta tashi daga Kaya ran Laraba. Ran Laraba, Zubairu. Sauri ya haifi nawa.

Jiya na bi ta unguwar Gaweye, na tsaya kan gada ina kallon ruwa. Kwalekwale suna sauke kabewa da shinkafar kogi, mutane na ciniki, ba soja, ba rakiya. Fa'iza tana kallona yanzu. Ban ce kin yi gaskiya ba, na ce na gani. Rubuta yadda na faɗa.

Kullum in na shiga wurin uwarka sai ta ce, "Yaya, ina ya kai?" Ran Litinin na ce Dori. Ran Talata na ce 'yan duwan, masu binciken kaya, sun tsare shi kan takardu. Jiya na ce ya kai Tera, taya ce ta fashe. Ƙaryata ta kusa shigowa Yamai, kai ba ka iso ba. Ban san garin da zan faɗa mata gobe ba.

Kafin Abdou ya tafi ya juyo daga bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, na karanta maka takardar nan ta Asabar kafin a tura, ka gyaɗa kai. Na tambaye ka ta wace hanya yaron zai zo, ka ce direba ne, ya san hanya." Haka ya ce. Ni kunnena ɗaya ne, ba duk abin da aka faɗa nake ji ba.

In kana raye ka yi motsi.

Kawunka.

Dori. Ranar Alhamis.

Zuwa ga Kawu Alhaji.

Assalamu alaikum. Ina raye. Ina likitar Dori, ƙafafuna ne suka fashe, an naɗe su, ba wani abu ba ne. Sai yau na samu wayar wani mai jinya na ara. Lambar Fa'iza ce kawai na haddace, ta turo mani takardunka biyu, na karanta.

Ba mu yi nisa sosai ba suka fito mana a kan babura. Ba su yi harbi ba. Suka sauke mu, suka karɓe waya da takalma, suka sa mu durƙusa a rana. Ɗaya ya tambaye ni mi na ɗauko, na ce shinkafa, ya yi dariya ya ce Allah ya amshi sadakarka. Nasu direbobin suka juya motocin cikin daji. Ina ji ana sa wa motarmu giya ba daidai ba, tana kuka, har ta ɓace. Mu aka ce mu bi gabas kada mu waiwaya. Mun kwana a daji ban san sau nawa ba, wani makiyayi ya ba mu nono. Da muka fito kwalta, konbuwar da muka gaji da jira ita ce ta tsince mu. Mu uku duka muna nan.

Ka yi haƙuri da motar. Na san tare kuka tsufa.

Kawu, yanzu na bar Kaya, na kuma bar kaya. Duka biyun na cika. Tun da na karanta takardarka nake juya abin. Da ka ce in hau jirgi, da na hau. Da ka ce in bar mota, da na gane. Amma a takarda guda ka yi mani zancen Ayatul Kursiyyu da tsadar shinkafa a Katako, sannan ka ce in zo. Ba na tuhumar ka, kai ubana ne. Abu ɗaya nake so in sani don in samu barci. Lokacin da Mushe ya karanta maka, wanne ka ji?

Na tambayi Fa'iza jikin Inna, sai ta ce rezo ba kyau, ta kashe. Rezo lafiya lau yake a nan. Kawu, yaya Inna?

Ɗanka, Zubairu.

Talladje. Ranar Juma'a.

Zubairu ɗana.

Alhamdu lillahi da ka rayu. Hannun Abdou ne ya dawo. Da ƙafata na je gidansa, na cire hula a gaban matarsa da jikokinsa. Bai bar ni na gama ba, ya ɗauko alƙalami. Na ce da bakina abin ya fita, da hannunsa nake so amsar ta tafi.

Ka yi tambaya biyu. Zan fara da mai sauƙi, ko da yake ba ta da sauƙi.

Da na buɗe baki, shinkafa nake nufi, Allah shaida. Fuskar uwarka ce a idona. Amma da Abdou ya karanta mani, na ji ɗayar ma. Kunnen nan da nake ta fakewa da shi ya ji sarai. Sai wani abu a ƙirjina ya ce, bar ta haka, in ya zo da motar ai ba kai ka ce ba, in ya bar ta kuma kai ka ce. Da ya tambaye ni hanya na san abin da yake tambaya. Na ce direba ne. Harafin na Abdou ne, shirun nawa ne. Ina so mutanen Katako su ga motar Yakuba ta shigo da kayan teku, su san rufe gada bai karya ni ba. Da maigidana na Kwatano nake faɗa a raina, shi bai ma san ana yi ba, kai na tura ka karɓi dukan.

Kada ka ƙara ba ni haƙuri a kan mota. Ƙarfe ne.

Ta biyu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hadiza ta rasu ran Litinin bayan azahar. An yi mata sutura da la'asar, mutane sun taru, Abdou ma ya zo ya tsaya can baya. Ni na hana Fa'iza ta gaya maka, nauyina ne.

Akwai abin da ya faru kafin nan, sai ka ji shi. Ran Lahadi idonta ya riga ya rufe, ba ta gane mutane. Na ɗaga labule, ta ce, "Zubairu ne?" Garuruwana sun ƙare, ba ni da sauran inda zan ce ka kai. Sai na ce, "Ni ne, Inna." Ni, yayanta, da furfurata. Ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, "Ka rame. Kawunka ya bar ka ka huta kuwa?" Na ce ya bari. Ta ce, "Ka yi ta haƙuri da shi, bakinsa ne kawai, cikinsa ba komai." Sannan ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Na yafe maka duniya da lahira."

Na ce amin. Ban san abin da zan ce ba in ba shi ba.

Zubairu, wannan albarka ba tawa ba ce. Yafiyar ma ba tawa ba ce, ni ba ta san abin da na yi ba balle ta yafe. A kaina aka sauke, amma sunanka ke jiki. Tun ranar nake ɗauke da su, ko kwanciya na yi ba su sauka. Na yi dakon kayan mutane daga teku har gemuna ya yi fari, ban taɓa ɗaukar mai nauyin wannan ba, kuma ban taɓa cin amanar kaya ba. Ba a tura shi ta waya. Sai ka durƙusa a gabana in ɗora hannuna a kanka in faɗa maka yadda ta faɗa, kalma da kalma. Bayan nan abin da ka ga dama ka yi da ni. In ka ce Kollo, Kollo. In ka ce ba ka ƙara zama inuwa ɗaya da ni, ban ce ka yi laifi ba.

Ka jira ƙafa ta warke. Ka jira soja, ko za su kai damina. Na sa Abdou ya karanta mani wannan, Fa'iza ma ta karanta, na tambaye su ko akwai kalmar da ke da fuska biyu, sun ce babu.

Abdou, saura kalma biyu, kada ka ƙara komai a kansu.

Ka zo.